Kawu da Firjin da Aka Ce Ni Na Kifa

Zaman makokin Kawu ya yi mini wuya. Ko na mahaifina bai gajiyar da ni haka ba. Ga zafin Yelwa, ga tabarma, ga gwiwoyina da suka daina son naɗewa, mutane kuma suna ta zuwa, kowa sai ya kama hannuna ya faɗi alherin mamaci, ni kuma aikina in ce amin. Na ce amin har bakina ya bushe.

Wani tsohon malamin asibiti ya taso tun daga Shanga a bayan a-kori-kura. Ya zauna yana share hawaye da hannun riga, yana cewa da ba don Kawu ba, da allurar rigakafin yaran ƙasarsu ta sha lalacewa. Mata masu sayar da ƙanƙara da kunun zaƙi sun yi ta aiko da ƙwarya-ƙwaryar abinci. Dillalan kifi na bakin ruwa sun zo a jere, suna ƙarnin sana'arsu. Kowa da abin da Kawu ya gyara masa.

Sai aka shigo da Alhaji, babban ɗan kasuwar unguwarmu, ana riƙe da shi saboda tsufa. Ya yi wa 'ya'yan Kawu gaisuwa, sannan ya juyo ya ƙura mini ido har ya gane ni.

"Kifau, kai ne? Sai haƙuri. Ka yi rashin uba. Mutumin da ya ruhwa maka asiri ran da ka kashe mini firji."

Aka ɗan yi dariya irin ta zaman makoki, wadda ba a buɗe baki sosai. Na ce amin.

Kafin wannan kuma an yi wani abu a wurin jana'iza. Da aka ajiye makara, liman ya juyo ya ce duk wanda mamaci ya yi wa laifi ya dubi Allah ya yafe masa, don yanzu ba shi da bakin roƙo. Sahu ya amsa gaba ɗaya, mun yafe. Ni ban amsa ba. Ina sahun gaba, babban ɗan Kawu yana gefena, ya ga bakina a rufe. Kafin mu dawo daga maƙabarta magana ta riga mu shiga cikin gida, ta isa kunnen Inna, mahaifiyata.

Ina so a san Kawu, don irinsa ba a rubuta su, kuma masu gyaran firji na yanzu ba su san a kan hanyar wa suke tafiya ba. Amma ba zan faɗi rabi in bar rabi ba.

Ƙanen Inna ne, ita ta goya shi bayan uwarsu ta rasu. Yana saurayi ya shiga aikin wanke kwanuka a gidan wani Bature, a can ya fara ganin firji. Na kananzir ne, don lokacin babu lantarki ko a gidan Baturen. Kukun gidan ya gaji da ɗawainiyarsa ya sakar wa Kawu, Kawu kuma ya riƙe shi kamar an ba shi doki. Da Turawa suka tattara suka tafi, firjinansu ba su bi su ba. Suka watsu a asibiti, da gidan saukar baƙi, da gidajen 'yan attajirai, kuma daga Yelwa har Ngaski babu mai jin yarensu sai Kawu.

Ranar bikin 'yancin kai ya shigo ƙauyenmu a kwalekwale da wani abu ƙunshe a buhu, yana ɗiga. Ya buɗe a gaban Inna ya ce ga nata rabon mulkin kai. Ƙanƙara ce. Na taɓa na janye hannu, na rantse wuta ce. Inna ta jefa ta cikin randa, ranar duk maƙwabta sai da suka zo shan ruwa gidanmu.

Yana da yadda yake aiki. In an kira shi, ba ya taɓa firji sai ya nemi kwano da ruwa. Ya ɗora a saman firjin ya tsuguna yana kallon bakin ruwan. In ruwan ya karkata, sai ya sa a ɗaga ƙafa ɗaya ya cusa ɓallin katako, har ruwan ya kwanta daidai. Yakan ce firjin kananzir tsohuwa ce, in ka zaunar da ita a karkace ba za ta yi maka faɗa ba, shiru kawai za ta yi. Sau da yawa gyaran ke nan, ya kwashe kayansa ya tafi, masu gida suna ganin kamar asiri ya yi.

In ba wannan ba ne, sai ya kwanta rubda ciki ya leƙa wutar da ke ƙasa. Shuɗiya yake so ya gani. In ta yi ja tana hayaƙi, ya zaro tankin ya datse lagwani da reza, ya zura tsumma a bututun hayaƙi ya fito da kunkunniya, sannan ya tambayi maigida inda ya sayi kananzir. Kowa ya ce mai kyau ya saya. Kawu ya ce to wutar ce ke ƙarya ke nan. Robar ƙofa kuwa da ganyen mangwaro yake gwada ta. Ya datse ganyen da ƙofar ya ja, in ya zaro cikin sauƙi, ta nan sanyi ke gudu. Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne ya tarar an sa wuƙa ana sassaƙar ƙanƙarar da ta daskare a ciki. Ya taɓa yin wata guda ba ya gaisawa da uwargidan wani alƙali a kan haka. Ya ce mata ruwan zafi a kwano ya ishe ta, wuƙa ta bar wa albasa, in ta huda bututu ko shi ba shi da magani.

Sai babban aikinsa, wanda ya yi suna da shi. Wani lokaci komai daidai, wuta shuɗiya, zama daidai, amma firji ya ƙi sanyi. Kawu ya ce jininsa ne ya kwanta. Sai ya kashe wutar, ya cire tanki, ya kira ƙarti su kifa firjin, kai a ƙasa ƙafafu a sama. Ana jin ruwan cikinsa yana ƙulu-ƙulu. A bar shi haka ya wuni ya kwana, a miƙar da shi, a kunna. Kuma yana tashi. Mutane har taruwa suke yi kallo. Shi kuma ya tsaya gefe yana gyara hula, ba ya ko murmushi.

Ina da mata da ɗa ɗaya aka zo da maganar dam. Aka ce ruwa zai hau, ƙauyenmu da fadamar albasar mahaifina duk za su shige. Dattawa suka ƙi yarda. Kawu, da yake ya zauna da Turawa kuma ana jin maganarsa, shi ya yi ta zarya yana lallashi. Ya ce ruwan da zai ci gona wutar lantarki zai zama, har ɗakin tsohuwa sai an rataya ƙwai mai haske. Aka kwashe mu aka kai mu gidajen siminti a kan tudu, masu zafi kamar tanda. Mahaifina bai daɗe a cikinsu ba. Kullum yana zaune yana kallon inda fadamarsa take, har Allah ya karɓi abinsa.

Sa'o'ina suka sayi taru da jirage suka faɗa sabon ruwan, kifi kuwa lokacin kamar a ɗebo da hannu. Ni ma na yi niyya. Kawu ya zo ya zauna a gaban Inna ya ce kar ta bari in zama masunci, wuta na zuwa, kowane gida zai sayi firji, shi kuma ba shi da magaji a sana'a don 'ya'yansa boko suka bi. Inna ta ce in bi ƙanenta. Na kwashi iyalina na koma Yelwa.

Wutar ba ta zo ba. Aka gama dam, aka yi biki, wayoyi suka miƙe suka yi kudu, mu da muka ba da gonaki muna hura fitilar ƙwai. Shekaru muka yi haka. In Kawu ya ratsa kasuwa sai a ce masa, Malam, ina wutarka? Ya ce tana hanya. Abin yana cinsa, na sani, don in mun dawo rumfarsa ta gyara ba ya magana.

A shekarun nan bai yar da ni ba, wannan kam zan faɗa ko a gaban wa. Daga tukunyar gidansa ake zuba wa iyalina in aiki ya yi ƙasa. Da matata ta haihu na biyu, ban san lokacin da aka ɗaure rago a ƙofar gidana ba. Ya koya mini duk abin da ya sani, bai ɓoye ko ɗaya ba. Ni kuma na riƙe shi uba.

Da wutar ta iso daga baya, Alhaji ne ya fara sayo firjin lantarki a unguwarmu, ƙato, fari, aka sauke shi daga mota ana guɗa. Bayan 'yan watanni ya rage sanyi. Alhaji ya yi tafiya, ɗansa ya aiko a kira Kawu, muka tafi tare.

Ni na fara dubawa. An manna shi da bango, bayansa ya cika da ƙura da yanar gizo, ƙanƙara ta toshe akwatin sama har murfin ba ya rufuwa, matan gida kuma suna cusa masa tukunyar miya da zafinta. Na ce wa Kawu a cire shi daga wuta, a bar ƙanƙarar ta narke, a share bayan, a janyo shi daga bango ya sha iska. Kawu ya ɗora kwanonsa na ruwa, ya sa kunne a jikin firjin, ya miƙe ya ce jininsa ne ya kwanta, a kifa shi.

Na matsa kusa na yi ƙasa da murya. Na gaya masa abin da wani makaniki ya gaya mini a Kontagora, cewa na lantarki ba irin namu ba ne. Yana da baƙar tukunya a baya, kwamfuresa, da mai a cikinta. In aka kifa, man zai malala cikin bututu, in aka kunna a haka injin ya tafi ke nan. Kawu ya dube ni, ya dubi yaran kantin Alhaji da ke tsaye.

"Ni za ka koya ma firji? Tun ba ka san ƙanƙara ba nike kifa su."

Na fita na tsaya a zaure. Yaran kantin suka kama masa. Washegari ya sa aka miƙar da shi, ya jona shi da wuta da hannunsa nan take. Firjin ya yi gurnani, ya yi ƙas, ya sake gurnani, sai ƙauri ya tashi. Bai ƙara motsi ba.

Alhaji ya dawo ya kai ƙara wurin mai unguwa. Zauren ya cika, don firjin nan kowa ya je kallonsa. Aka tambayi Kawu yadda aka yi. Ya sunkuyar da kai yana jan carbi, ya ce shi kiran gaggawa ya samu daga asibitin Shanga, ya bar mini aikin. Ya ce na saba ganin yana kifa na kananzir, na zaci duk ɗaya ne. Ya ce laifinsa ne da ya bar yaro da abin da ya fi ƙarfinsa, a yi haƙuri a duba girmansa.

Yaro. Ina da 'ya'ya uku lokacin.

Na dube shi, bai ɗago ba. Mai unguwa ya ce ko ina da magana. Wace magana? Mutum ba ya ƙaryata ƙanen uwarsa a zauren mai unguwa. Yaran kantin suna bakin ƙofa, babu wanda ya tambaye su. Na ce ba ni da magana. Alhaji ya ce don darajar Kawu ya bar zancen, amma kar in sake taka gidansa da sunan gyara. Aka shafa fatiha. Aka fito ana yabon Kawu da ya tsaya wa ɗan 'yar'uwarsa.

Na ɗauka kunya ce ta rana ɗaya, zai je ya samu Alhaji a keɓe ya gyara. Na jira. Kafin wata ya ƙare sunana ya koma Kifau. Yara suna bina da shi a lungu, 'ya'yana suna dawowa daga makaranta da kuka. Firjin lantarki suka yi ta shigowa gari, aikin da aka hana ni kamun kifi dominsa, babu mai kirana ko da canza roba ne. Na kwashi iyalina na koma Warra inda ba a san sunan ba sosai, na fara daga ƙasa, ina gyara wa masu kifi da masu shago.

Kawu bai sake taɓa firjin lantarki ba har ya bar duniya. Yakan ce ya tsufa da koyon sabon yare. Na kananzir suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ya koma zaman ƙofar rumfa, sai jefi-jefi wani asibitin ƙauye ya aiko. Na sha samun mutane daga wajen Ngaski su ce wani tsoho ne a Yelwa ya ce su zo wurina, wai na fi shi hannu. In na ji haka ban san ko godiya zan yi ko tsaki ba. Abin da zai iya gaya wa baƙo, ya kasa gaya wa unguwarsa.

Duk sallah ina zuwa gaishe shi. Mu yi zancen ruwa ya hau ko ya janye, mu yi zancen jikin Inna, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunansu. In na tashi tafiya ya rako ni har bakin titi. Nakan rage tafiya a hanyar nan, ko zai ce wani abu. Sai ya ce in gaida gida.

Da ciwo ya kwantar da shi ya aika a kira ni. Na bar aiki a buɗe na hau mota. Na same shi bayan azahar, ya rame, an jingina shi da bango. Ya sa kowa ya fita. Na ce a raina yau ce. Ya kama hannuna ya daɗe yana numfashi, sannan ya ce, "Mu yafi juna."

Juna. Na zauna ina juya kalmar. Me na yi masa da zai raba laifin biyu ya miƙo mini rabi? Na jira ko akwai ci gaba. Sai ya ce firjin asibitin nan na Shanga lagwaninsa ya kusa ƙarewa, in na samu hanya in leƙa. Na ce zan leƙa. Na ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, irin amsar da ake ba kowa. Ya saki hannuna. Ya gane, na ga ya gane.

Ranar sadakar uku, bayan la'asar, mutane sun ragu, Inna ta aiko a kira ni. Tana ɗakin matar Kawu a kan buzu, idonta ya kumbura. Ta sallami matan da ke wurin. Ba ta amsa gaisuwata ba, ta ce ta ji abin da na yi a gaban makara, ta ce ƙanenta yana kwance yana jiran kalma ɗaya daga bakina, ni kuma ina zaune ina cin tuwon sadakarsa.

Ban taɓa gaya mata ba. Na yi ta ɓoye mata don kar in sa ta tsakanin ɗa da ƙane. Ranar na gaya mata duka, tun daga kwanon ruwa har zauren mai unguwa. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta gyara lulluɓinta.

"Na sani."

"Inna, kin sani?"

"Tun ran da abin ya faru. Wurina ya taho ya zauna gabana yana kuka kamar yaro. Ni na ce mai shi bari hakanan."

Ta ce ai ba ita kaɗai ba, mai unguwa ya sani, yaran kantin sun faɗa a waje tun a ranar. Ta ce wa ke kifa firji a ƙasar Yauri in ba ƙanenta ba? Alhaji ne kaɗai wataƙila ya yarda, shi ma don haka ya fi masa sauƙi. Ta ce mutum ya sa an tashi ƙauye guda da alkawarin wuta, an yi shekaru ana yi masa dariya a kasuwa, ran da wutar ta zo kuma a ce firjin farko a hannunsa ya mutu, da me zai sake fita?

"Kai yaro ne, kana iya ɗauka. Shi ba shi iyawa."

Na ce mata na ɗauka, har na bar gari da shi, har jikokinta sun girma ana kiransu 'ya'yan Kifau. Ta ce ai ga shi ban mutu ba, ina da rumfata ina da rufin asirina. Ta ce gobe kafin in hau mota in je kabari in sallami ƙanenta da yafiya, in ba haka ba kar in zo mata sallama.

Na tashi na fita. Masu gaisuwar yamma sun fara zuwa, na koma kan tabarma na ci gaba da amin.

Da gari ya waye, bayan na fito masallaci, na wuce maƙabarta ni kaɗai. Ƙasar kabarin ba ta gama bushewa ba, akuya ta ture ƙayar da aka ɗora, na mayar. Na tsuguna wajen kansa na yi sallama. Na ce, Kawu, kai ka kifa firjin Alhaji. Na hana ka, ka ƙi. Ba ka je Shanga ba ranar, kana nan. Na faɗa da murya, yadda da akwai mai wucewa zai ji. Sannan na ce wannan na yafe maka, Allah ya sa kabari ya yi maka sanyi. Na karanta abin da na iya na shafa.

Na dawo gida na ɗauki jakata. Ban shiga ɗakin Inna ba, daga bakin ƙofa na durƙusa na gaishe ta. Ta ce na je? Na ce na je. Ta ce na faɗa? Na ce na faɗa. Ta ce to Allah shi yi mini albarka, in shigo in sha koko. Na ce mota za ta tashi. Na miƙe na nufi tashar Warra.